Shekarar da Iya Ta Taya Ni Ramuwar Azumi

Sha'aban ɗin bana cikin sanyi ya kama. Da safe sai mutum ya daɗe yana ɗumama hannu a bakin murhu kafin ya iya riƙe tsintsiya, rana kuwa kafin ka ankara ta yi yamma. Jikata Sa'adatu ta zo daga Rano ta kwana biyu a wurina da goyonta. Muna zaune a tsakar gida ina tsince wake, sai ta ce, "Kaka, azumi goma sha ɗaya ake bina. Ranar Litinin zan fara ramawa." Na ce Allah ya ba da iko. Ban tuna mata cewa tun zuwanta na watan jiya ta ambaci wannan Litinin ɗin ba. Na dai sunkuyar da kai a kan faifai, don maganar tata ta mayar da ni baya wajen shekara arba'in, lokacin da Sha'aban ya faɗo a tsakiyar bazara, ni kuma ana bina ashirin da biyar.

Ni 'yar cikin garin Kibiya ce. Aure ya kai ni wani ƙauye a gefen Rurum Tsohon Gari, gida mai ɗaki uku a gindin dutse. Mu uku ne a gidan: ni, da maigidana, da mahaifiyarsa da muke kira Iya. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa, ƙannensa mata duk sun yi aure. Iya doguwa ce, siririya, ba ta da yawan magana, kuma tun ranar da aka kawo ni ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai Ta Kibiya. Ina jin nauyinta ƙwarai. Ko ruwa ba na iya sha a gabanta sai na juya baya.

Cikina na fari ya tsufa daf da azumi, aka mayar da ni gidanmu goyon ciki. Azumi huɗu na yi, a na biyar naƙuda ta kama ni da hantsi. Na haifi mace, aka sa mata sunan Iya, mutane suka riƙa kiranta Azumi, ko da yake ni, da yake 'yar fari ce, har yau ban taɓa faɗin sunan a gabanta ba. Watan ya yi kwana ashirin da tara, ni kuwa ina ta wankan jego da shan kunun kanwa. Haka ashirin da biyar suka hau kaina.

Da na dawo ɗakina damina ta yi nisa. Na ce wa kaina goyo ɗanye ne, a bari yarinya ta yi ƙwari. Wannan kam gaskiya ce. Sai dai daminar ba ta yi kyau ba. Ruwa ya ɗauke dawa tana shirin fidda kai, muka zuba ido a gabas kwana da kwanaki, hadari ya haɗu ya watse. Gero ne kawai ya ɗan yi, shi ma damin da aka kawo gida ko rabin na bara bai kai ba. Da kaka na ce aiki ya yi yawa, ga sussuka, ga ɓarar gyaɗa, a bari a natsa. Ana gama ɗaure rumbu maigidan ya ɗauki jakarsa ya tafi cin rani kudu tare da sauran mazan ƙauyen, ya bar mu ni da Iya da yarinya.

Sannan sanyi ya shigo, wanda kowace mace ta san shi ne lokacin ramuwa. Wuni gajere, ƙishirwa babu. Yarinya ta fara shan koko. Ban da wani uzuri, sai dai na ƙirƙira. Na ce ranar Litinin, Litinin ta zo da suna a maƙwabta. Na ce Alhamis, Alhamis ta zo ina da wanki. Akwai ranar da na kwanta da niyyar tashi sahur, na ma ajiye ɗumame kusa da gado, da na farka na ji sanyi a ƙafata sai na ja bargo na ce gobe. Abin da nake gudu na san shi. Tun ina yarinya ba na jure ƙishirwa, kuma azumin da kowa yake yi daban yake da wanda za ka yi kai kaɗai kana kallon ana dama fura. Ga kuma yawan. Duk lokacin da na tuna ashirin da biyar sai in nemi wani aiki in sa hannu don in manta.

Wata rana muna zaune a hantsi Iya tana kaɗi, ni ina tankaɗe, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ta Kibiya, ina aka kwana a maganar ramuwa?"

Bakina ya riga ni. Na ce, "Saura kaɗan, Iya."

Ta ce, "Madalla." Ta ci gaba da murza mazarinta.

Daga ranar abin ya zama biyu. Yaya zan tashi in jera azumi ashirin da biyar a gaban wadda na ce wa saura kaɗan? Sai na riƙa cewa bari in je Kibiya ganin gida in yi a can. Na je, na kwana shida, ko ɗaya ban yi ba.

Sanyi ya tafi kamar an ɗauke shi da hannu. Wanda bai zauna a gindin dutsen Rurum da bazara ba, ba zai gane zafin da nake nufi ba. Dutsen yana shan rana tun safe, idan yamma ta yi sai ya riƙa mayar mana da ita, bangon ɗaki ya yi ɗumi kamar gefen tanda. Ƙurajen zafi suka feso wa yarinya a wuya da baya. Kaji suka koma ƙarƙashin rumbu, baki buɗe, fukafukai a sake. Rijiyar unguwa ta koma laka, guga ya shiga ya fito da abin da bai fi cikin moɗa ba. Sai rafi, inda ake tona yashi a zauna jiran ruwa ya tsatso, a kwashe da ƙoƙo kaɗan-kaɗan. Yanzu ga famfo mai aiki da hasken rana a bakin masallaci, yara na wasa da ruwansa, ga masu babur suna kawo ƙanƙara daga Rano kafin la'asar. A lokacin tulu biyu ne ruwanmu na wuni, da sha da girki da alwala da wankin tsummokaran yarinya.

Abinci ma ya ja baya. Iya ce mai shiga rumbu, kuma na lura tana daɗewa a ciki fiye da da, tana fitowa da ƙasa da abin da ta saba. Ta ware irin shuka ta ɗaure a tukunya ta liƙe bakin da laka. Muka koma tuwo sau ɗaya, da daddare. Da rana sai garin ɗorawa da kwaɗon busasshiyar rama. Abin da ya riƙe mu shi ne daddawar Iya. Ɗorawa ta nuna a lokacin, tana sayen kalwa ta dafa, ta yi daddawa, ranar kasuwa ta kai ta dawo da gishiri da ɗan garin rogo.

A ƙarshen Rajab matar liman ta shigo gaida Iya. Cikin hira ta ce malam ya tunatar da maza a masallaci su gaya wa iyalansu: duk wadda ta yi sakaci har wani azumin ya riske ta ba ta rama na baya ba, to ramuwar tana nan, sannan kowace rana sai ta ba miskini mudu guda na hatsi. Ina daga ɗaki ina jinsu. Na san mudun da ake nufi ƙarami ne, amma ashirin da biyar ɗinsa abincin gidanmu ne na kwanaki masu yawa, kuma daga rumbun nan zai fito, wanda Iya take shiga tana auna mana rai da tafin hannu. Na zauna a bakin gado ina lissafin mudun.

Duk da haka, da watan Sha'aban ya tsaya ban tashi ba. Ɗaya ga wata ya wuce. Biyu ya wuce. Ina ƙirgawa da yatsu a ɓoye, ina ganin wurin yana tsukewa, amma kunyar buɗe baki ta fi ƙarfina. Abu ɗaya da ya taimake ni, ina shayarwa, al'ada ba ta dawo mini ba tukuna, da ko wannan lissafin bai yiwu ba.

Ranar uku ga wata bayan la'asar, Iya tana durƙushe tana wanke dafaffiyar kalwa a ƙwarya. Na ɗauki yarinya na goya, na sauke, na sake goyawa. Na je bakin randa na dawo. Daga ƙarshe na durƙusa a gefenta, na sa hannu cikin ƙwaryar kamar taya ta na zo yi.

Na ce, "Iya, maganar da na gaya miki da sanyi ba gaskiya ba ce. Ko ɗaya ban rama ba."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Na sani. Ai ni nake rabon abinci a gidan nan."

Hawaye suka zubo mini cikin ruwan kalwar. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Nawa ne?"

"Ashirin da biyar."

Ta tsame hannunta ta ƙirga gaɓoɓin yatsu, leɓenta na motsi. "Yau uku. In watan ya yi nuƙusani, kwana ashirin da shida ya rage. Da sauran wuri, amma ba yawa. Na so ki faɗa da bakinki ne. Da kin kai gobe ba ki faɗa ba, da ni zan same ki."

Na ce, "Iya, ba zan iya ba. Dubi ranar nan. Ga goyo."

Ta ce, "Ashirin da biyar ni ma ba zan iya ba. Na gobe fa? Shi kaɗai. Za ki iya?"

Na ce, "Guda ɗaya zan iya."

"To shi za mu yi."

Na ɗago na dube ta, karo na farko da na taɓa kallon tsakiyar idonta. Na ce, "Ke ai ba a binki komai."

"Ba a bina. Amma azumi a Sha'aban abu ne mai kyau, kuma ba zan zauna ina shan ruwa kina kallona ba. Miƙo mini wancan kwandon."

Kafin asuba na ji ta taɓa ƙyauren ɗakina. Ta riga ta hura wuta, ta ɗumama sauran tuwo, ta jiƙa ƙanzo a ƙoƙo. Muka ci. Ta tura mini moɗa sau uku, tana cewa in ƙara, in ƙara. Da muka yi sallah ta tsara yadda wunin zai tafi, kuma haka muka bi shi har ƙarshe. Duk aikin ƙarfi kafin rana ta fito: ni in yi surfe da daka, ita ta ɗauki tulu ta tafi rafi. Da hantsi a hura wa kalwa wuta a bar ta, ba mai tsayawa kusa da murhu sai in za a ƙara itace. Daga azahar zuwa la'asar ba a komai. Sai mu shimfiɗa tabarma a inuwar rumbu, ta tsoma tsohon zane a ragowar ruwan alwala ta lulluɓa mini a kai da kafaɗa. Kafin a jima ya bushe ƙayau.

Ranar farko na ɗauka mutuwa zan yi. Wadda ba ta taɓa shayarwa da azumi a baki ba ba za ta san wannan ƙishirwar ba. Da yarinya ta kama nono sai in ji kamar ana zare ruwan jikina ta wata 'yar igiya, harshena ya manne a dasashi. Da azahar na kwanta ina kallon randa. Har raɓar da ke jikinta ina gani. Iya tana zaune kusa da ni tana jan carbi, ta ɗora tafin hannunta a bayana. Da ladan ya kira magariba ta miƙo mini kunun tsamiya mai ruwa-ruwa, na riƙe ƙoƙon da hannu biyu na kafa kai. Ban taɓa shan abu mai daɗinsa ba, har yau.

Bayan mun ci tuwo ta ce, "Na gobe fa?"

Na ce, "Zan iya."

Kullum haka take tambaya, kullum haka nake amsawa. Ba ta taɓa ce mini saura kaza ba, ni ma ta hana ni faɗa. Ita ce mai riƙe da lissafin, da ƙwayar kalwa da take jefawa a wani ɗan gwangwani kowace magariba.

Wajen kwana na biyar jikina ya fara sabawa. Wani abu kuma ya sake a tsakaninmu. Mutum biyu da suke kwance a tabarma ɗaya suna jiran rana ta faɗi ba su iya riƙe kunya da yawa. Ta fara ba ni labarin garinsu, da yadda aka kawo ta gidan nan a kan jaki tana kuka har ta yi barci, da 'ya'ya uku da ta binne kafin maigidana ya tsaya. Ta tsefe mini kai ta yi mini kitso, tana faɗan wai matan Kibiya ba su iya shafa mai ba. Na gano tana da ban dariya, abin da ban taɓa zato ba. Na kuma gano tana rage tuwonta tana turawa gefena idan ta ga hankalina yana kan yarinya. Da na yi magana ta ce haƙoranta ne ba sa son ɗumame.

Wata safiya ta dawo daga rafi, na taya ta sauke tulu, sai ta zame ta zauna a ƙasa. Leɓenta ya yi fari, numfashinta sama-sama. Na tsorata. Na ce, "Iya, don Allah ki bari haka. Ga Ramadan yana zuwa. Ni zan ƙarasa."

Ta ɗan huta, sannan ta ce, "In na bari, wa zai tashe ki? Ke da barcinki ko ganga aka buga." Daga ranar dai na karɓi zuwa rafi, ina bin matan maƙwabta da sassafe, ita ta riƙe yarinya.

Mun yi goma sha biyar, a na sha shida yarinya ta tashi da zawo. Kafin hantsi jikinta ya yi zafi, ta kama nono ta saki tana kuka, don babu abin kirki a ciki. Zuwa azahar kukan ma ya daina fita. Iya ta shafa kanta, ta ji maɗigarta ta faɗa. Ba ta yi shawara da ni ba, ta ɗauke ta ta goya, ta ce in ɗauko mayafi. Muka taka da ƙafa cikin ranar nan har ɗakin shan magani na Rurum, ƙasa tana ƙona mu ta cikin takalmi. Malamin asibitin ya duba ta, ya nuna mana yadda za mu haɗa ruwan gishiri da sukari mu riƙa ɗura mata da cokali, sannan ya dube ni ya ce, "Uwar ta sha ruwa sosai, ta ci abinci, ta yi ta ba ta nono. Shi ne babban maganin."

Da muka fito, Iya ta roƙi ruwa a wani gida kusa, ta miƙo mini moɗar. Na ƙi karɓa. Na ce, "Iya, kwana ɗaya tak ne rarar da muke da ita. In na sha yau, gobe ma sai na sha. Ba zai cika ba."

Ta ce, "Wanda kika bari da sanyi, ke kika bari. Wannan ba ke ba ce. Karɓi."

Ta riƙe mini gindin moɗar har na shanye, ita kuwa da azuminta a baki, leɓe a tsattsage. Washegari ba wadda ta ɗauki azumi. Ta fasa abin da take ɓoyo na gero ta dama mini kunun kanwa mai kauri, ta zauna da cokali tana ɗura wa yarinya ruwan nan ɗigo-ɗigo, wuni guda. Da yamma nono ya kawo. Yarinya ta kama ta yi ta sha har gumi ya tsatso mata a goshi, ta yi barci da shi a baki. Iya ta jingina da bango ta rufe ido ta ce, "Alhamdu lillahi."

Abin da ya faru da asubar da ta biyo baya ban taɓa gaya wa kowa ba sai yanzu. Na farka da kukan zakara na farko. Gidan shiru. Ba hayaƙi, ba motsi a ɗakin Iya. Gajiyar kwana biyu ta danne ta. Na kwanta ina sauraron zuciyata tana kawo mini magana mai daɗi. Ai lissafi ya riga ya karye. Ko kin ci gaba sai ɗaya ya ragu. Tunda dai za a ba da mudu, a bari duka sai bayan Sallah, ruwa ya sauka, gari ya yi sanyi. Ga yarinya ba ta gama warwarewa ba. Kuma ba ke kika ƙi tashi ba, Iya ce ba ta tashe ki ba. Muryar nan na san ta, ita ce ta raka ni tun daga kaka har bazara. Na taɓa jikin yarinya, na ji shi sanyi ƙalau. Zakara ya sake yin cara. Ban tsaya gardama da zuciyar ba, don na san in aka yi gardama ita ke ci. Na sauko da ƙafa ɗaya ƙasa, sannan ɗayar, na fita na tona toka na samu garwashi. Da ɗumame ya yi zafi na je na taɓa ƙyauren Iya.

Ta fito tana gyara ɗankwali, ta dubi wutar, ta dube ni. Ta ce, "Yau ke ce da tashi." Ta zauna muka ci.

Sauran kwanakin sun zo da gumi mai nauyi, irin wanda ke gaban ruwa. Hadari ya riƙa taruwa a bayan dutse yana watsewa. Ranar ashirin da shida ga wata maigidan ya dawo, ya rame ya yi baƙi, da rabin buhun masara a ka. Ya tarar da mu biyu da azumi, ya tambayi dalili, Iya ta ce, "Harkarmu ce ta mata." Washegari da la'asar iska ta taso, sama ta yi duhu, ruwan farko ya sauko da ƙarfinsa. Ƙamshin ƙasa ya cika gidan. Muka fito da duk abin da zai tari ruwa, tukwane, ƙore, har turmi. Na tsaya a tsakar gida ruwa yana dukan fuskata, na damƙe baki don kada ɗigo ya shiga, ina jin fatar jikina tana sha a madadina. Na waiga na ga Iya a bakin ɗakinta ta miƙa hannu biyu cikin ruwan indararo tana dariya. Da safe ta fasa lakar bakin tukunyar iri, maigidan ya tafi gona da sungumi, muka bi shi muna jefa gero muna rufewa da diddige.

Ranar ashirin da tara da magariba kowa ya fito yana duban yamma. Ni kaɗai a ƙauyen nake fatan kada a ga wata, don in samu kwana ɗayan nan. Ba a daɗe ba muka ji hayaniyar yara, sannan mai rediyo a maƙwabta ya tabbatar an gani. Iya ta juye gwangwaninta a tafin hannu ta ƙirga. Ashirin da huɗu.

Da safe ta yafa mayafi ta je gidan liman. Ta dawo ta ce malam ya ce a ba da mudu ɗaya, tunda na samu sarari a baya ban yi ba, sannan in rama bayan Sallah. Ta auna daga masarar da maigidan ya kawo, ta cika har ya yi tozo, ta ce in kai da hannuna wa wata tsohuwa makauniya da ke bayan gidanmu. Na kai. Tsohuwar ta yi ta sa mini albarka, ni kuwa kunya ta hana ni amsawa.

Ramadan ɗin bai ba ni wuya ba. Kowa yana yi, ruwa yana sauka jefi-jefi, tafasa da rama sun tsiro a bayan gida. Iya ce ta jigata. Ta yi shi duka ba ta sha ko ɗaya ba, amma zuwa goman ƙarshe a zaune take sallah, kuma tun daga shekarar ba ta ƙara ɗaukar tulu ba har Allah ya karɓi ranta shekara tara bayan haka. Na sha tambayar kaina ko kwanakin nan da ta ƙara saboda ni su suka ci ƙarfinta. Na taɓa faɗa mata, ta ce in daina ɗora wa kaina abin da tsufa ya yi.

Ranar Sallah kaza ɗaya aka yanka a gidanmu, aka yi tuwon masara da miyar taushe. Da yamma na ce wa maigidan gobe zan ɗauki azumi. Ya ce, "Haba, ana cikin Sallah? Ki bari a kwana biyu, 'yan'uwa za su zo." Na ce a'a, gobe. Ban gaya wa Iya ba, don na san za ta ce sai ta taya ni.

Washegari ƙannen maigidan suka zo da 'ya'yansu, gida ya cika, aka sake ɗumama miya. Da azahar Iya ta leƙo ɗakina da kwano a hannu ta ce, "Ta Kibiya, ba ki ci komai ba tun safe."

Na ce, "Ina azumi, Iya."

Ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallona. Sannan ta rufe kwanon da faifai ta juya ta tafi.

Baƙi suka watse bayan la'asar. Da aka kira magariba na sha ruwa na yi sallah, ina shafa addu'a sai ga ta ta shigo tana dafa bango. Ta zauna a bakin gadona, ta kwance gefen zanenta, ta fito da wani abu ƙunshe a ganye. Cinyar kaza ce, kasonta na jiya, ta sake soya ta don kada ta lalace, ta ɓoye ta wuni guda daga jikokinta.

Na ce, "Iya, ai naki ne."

Ta ce, "Ci maza, kafin mijinki ya shigo ya sa ido."